Wata 16 ina jiran a ba iyalina bizar Kanada, me ya rage in yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kalgari da takardar zama ta dindindin, wato PR. Na je gida Kano aka ɗaura mini aure, na dawo na cike takardun ɗauko iyalina. Yau wata 16 ke nan. Ta je Abuja an ɗauki zanen yatsunta bayan mun sha wahalar samun rana, an yi mata gwajin lafiya wata 11 da suka wuce, daga nan shiru kake ji. Na aika saƙo ya fi a ƙirga, amsa ɗaya ake maido mini, wai ana kan aiki. Yanzu ga ta da ciki wata bakwai, surukai sun fara 'yan maganganu, wani ejan kuma ya ce yana da mutum a ciki in zan biya. Wasu sun ce in janye in sake sabo, wasu sun ce in nema mata bizar ziyara. Kaina ya kulle."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya raba lafiya.

In na warware tambayarka, abu huɗu kake son sani: ko wata 16 ya wuce ƙa'ida, me ya riƙe fayil ɗin, wace hanya ce take motsa shi da gaske, sannan yaya za a yi da jaririn da ke tafe. Na lura da abu ɗaya a duk shawarwarin da aka ba ka, da ta ejan da ta masu cewa ka janye: babu wanda ya san inda fayil ɗin yake tsaye kafin ya buɗe baki. Cike irin waɗannan takardu da bin sawunsu shi ne sana'ata, kuma asarar da na fi gani ita ce ta mutumin da ya zuba kuɗi da ƙarfinsa a kan matsalar da bai ma gano ko mece ce ba. Jinkiri iri-iri ne, kowanne da abin da ake yi masa, wani ma ba a yi masa komai.

Wata 12 da ake faɗa

Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ta yanka wa kanta wata 12 a kan takardun ɗauko miji ko mata. Sai dai burin da ta sa a gaba shi ne ta gama kashi 80 cikin 100 na fayiloli a cikin wannan wa'adi. Ke nan ko a lissafinsu, mutum ɗaya cikin biyar zai haura shekara kuma ba za a ce an saɓa alkawari ba. Ƙirgen kuma yana farawa ne daga ranar da cikakkun takardu suka shiga hannunsu. In an taɓa maido maka da su saboda wani fom ya yi ƙasa ko ba a sa hannu ba, to ka lissafa daga ranar da ka sake turawa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka. Gwamnati ce ke yanke yawan mutanen da za a ba PR a kowace shekara. A watan Oktoban 2024 ta rage adadin 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, kason ma'aurata da 'ya'ya kuma ya sauko daga 82,000 na 2024 zuwa 70,000. Gurbi ya ragu, masu nema ba su ragu ba, dole layi ya yi tsawo. Ka ma gode Allah a lardin Albata kake. Wanda ke zaune a Kwibek sai ya bi ta hannun gwamnatin lardin tukuna, wadda a Yunin 2024 ta sa iyaka ga yawan takardun ɗauko iyali da za ta karɓa, kuma jiran can ya ninka na sauran larduna.

Don haka wata 16 ya wuce wa'adin da hukumar ta yanka wa kanta, amma bai kai matakin da zan ce maka ka tafi kotu ba. Ya kai matakin da ya kamata ka daina tambayar "yaushe" ka koma tambayar "ina".

Aikin kamar na babban asibiti ne: layin yankar kati daban, na ganin likita daban, na ɗakin gwaji daban, na karɓar magani daban, kuma in takardarka tana ɗakin gwaji, ko ka kwana kana yi wa mai yankar kati magiya ba abin da zai iya. Da farko ana duba ko takardun sun cika, a aiko maka da wasiƙar shaidar karɓa. Sai a duba kai kanka, ko ka cancanci ɗaukar nauyinta. Daga nan sai a koma kanta a fuska huɗu: ingancin auren, lafiya, laifi, da tsaro. Waɗannan huɗun ba lallai su tafi tare ba. Uku na iya kammala, ɗaya ya riƙe komai.

Ka nemi bayanan GCMS kafin komai

Kowane fayil yana da gurbinsa a rumbun kwamfutar hukumar da ake kira GCMS, inda jami'ai ke rubuta abin da suka gani, da abin da suke shakka, da abin da suke jira. Dokar samun bayanai ta Kanada ta ba ka damar neman kwafin wannan rubutu. Kai da ke da PR za ka iya nema da kanka ta intanet, kuɗinsa dalar Kanada 5, sai ka haɗa da fom IMM 5744 wanda maiɗakinka za ta sa wa hannu cewa ta yarda a ba ka bayananta. Doka ta ce a amsa cikin kwana 30, ko da yake yakan wuce haka. Neman ba ya ɓata fayil, ba ya kuma ja da shi baya, duk da tsoron da mutanenmu ke yi cewa za a ga kamar sun yi ƙorafi.

Zai zo maka shafuka da yawa, mafi yawansu ba su da amfani gare ka. Ka duba farko inda aka jera matakan nan huɗu da matsayin kowanne, sannan ka tsallaka can ƙarshe inda jami'ai suka yi rubutu da bakinsu. Sabon rubutu ne ke sama, don haka daga ƙasa za ka karanto in kana son labarin ya zo maka a jere. Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu za ka tarar.

Mai yiwuwa ba a ma fara duba ingancin auren ba. To wannan layi ne kawai, ba laifin kowa, kuma saƙo na ɗari ba zai sauya shi ba.

Mai yiwuwa kuma an aiko da wasiƙar da ba ku gani ba. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Akwai wani bawan Allah da ya zo mini yana cewa an manta da shi. Da bayanan suka zo, sai ga shi an nemi sabuwar takardar 'yan sanda tun watanni da suka wuce, an kuma sake tunatarwa. Adireshin imel ɗin da ke kan fom ɗin na yaron shagon intanet ne da ya taya matar cikewa, yaron kuwa ya bar shagon tuni. Yau ɗin nan ka buɗe kwafin fom ɗinku ka ga imel ɗin wa aka rubuta, ka leƙa akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, naka da nata.

Na uku shi ne binciken tsaro. Wannan ba IRCC kaɗai ke yin sa ba, tana miƙa shi ga hukumar kula da iyakoki CBSA da hukumar leƙen asiri CSIS, ita ma ta zauna jira. A bayanan za ka ga an ce ana kai, wasu layukan kuma an shafe su, ba za a gaya maka dalili ba. A abin da na gani, yakan tsawaita ga wanda ya taɓa aikin soja ko ɗan sanda, ko wanda ya bar giɓi a fom IMM 5669 inda ake son tarihin shekara goma ba tare da an tsallake ko wata ɗaya ba, ko wanda sunansa ya yi kama da na wani da ake nema, abin da ba wuya ga masu suna irin namu. Matan da suka gama makaranta suka zauna gida sukan bar shekarun nan fayau don suna ganin ba abin rubutawa, alhali abin da ake so shi ne a rubuta cewa tana gida ba ta aiki, daga wata kaza zuwa wata kaza. In tsaro ne ya riƙe ku, ni ba ni da abin da zan yi a kai, ɗan majalisa ma ba shi da shi, kotu kaɗai ke iya tambayar dalili, ita ma sai lokaci ya ja sosai.

In auren ne ake shakka

Na huɗun shi ne wanda na fi so ka natsu a kansa, domin a nan ne al'adarmu da dokarsu suke karo, kuma a nan ne kake da abin yi.

Sashe na 4 na ƙa'idojin shige da fice ya ce ba a karɓar auren da ba na gaskiya ba ne, ko wanda aka ƙulla musamman don samun takarda. Jami'in da ke auna wannan bai san lefe ba, bai san kamu ba, bai san cewa ana iya haɗa aure ta hannun iyaye a yi zance 'yan watanni a ɗaura, kuma a zauna shekara arba'in ba. Abin da ke gabansa kawai yake gani. Shi ya sa nake sa mutane su rubuta gajeren bayani: wa ya haɗa ku, yaushe aka kai gaisuwa, yaushe aka sa rana, nawa ne sadaki kuma wa ya karɓa, su wa suka yi shaida. Hotunan ɗaurin aure maza ne zalla, na kamu da wuni mata ne zalla, kuma in ba a bayyana masa ba sai ya ce bai ga ango da amarya tare ba. Hirarku ta WhatsApp kuma Hausa ce, rabinta saƙon murya. Ka zaɓi kaɗan daga watanni daban-daban a fassara su ta hannun mai fassara da hukumar ta yarda da irinsa. Shafi goma da aka fassara sun fi ɗari uku da ba mai iya karantawa. Ka haɗa da tambarin shiga da fita na fasfonka na zuwan da ka yi gida, da rasit na kuɗin da kake aikawa.

Akwai dokoki huɗu da ba ruwansu da ko kuna son juna. Tun Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, ko ta wakili, ko ta waya, ko ta intanet. Ka ce ka je gida aka ɗaura, wannan ya fitar da kai daga babbar matsalar, wadda ke kama waɗanda suna Toronto aka shafa fatiha a Fagge, baffa ya karɓa musu. Amma ka san yadda muke yi: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, ita tana cikin gida. In takardar aurenku ta nuna sa hannun wakili da waliyyi kawai, jami'i na iya tambayar ina kuke ku biyun a ranar. Ka tanadi amsa da hujja tun yanzu, kuma in aka aiko da wasiƙa a kan wannan, kada ka amsa da kanka, ka kai wa lauya. Doka ta biyu, dole matar ta cika shekara 18. Ta uku, in kana da wata matar a lokacin da aka ɗaura wannan, ba za a lissafa ta biyun a matsayin mata ba, ko da ka saki ta farkon daga baya. Ta huɗu ita ce mai zafi, sashe na 117(9)(d) na ƙa'idojin: wanda ya yi aure kafin ya karɓi PR ɗinsa bai kuma bayyana matar ba, to ya rufe wa kansa ƙofar ɗauko ta, sai 'yan keɓantattun yanayi. Ka dubi ranar aurenka da ranar da ka zama mai PR ka tabbata wacce ta riga.

In bayanan sun nuna an ba da shawarar a kira ta ganawa, to jiran ranar ganawar ne ke cin lokaci, domin jami'an da ke yin ta ba su da yawa. Ku yi amfani da jiran. Ba haddar amsa nake nufi ba, jami'ai suna gane hadda da wuri. Kunya nake ji muku. Na taɓa zama da wata baiwar Allah muna gwaji, na ce mata yaya sunan mijinki, ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ta ce "Abban Hanifa". Na ce aikin me yake yi, ta ce yana dai zuwa aiki. Nawa yake samu? Ta ce ita ba ta tambaya. A gidanmu wannan tarbiyya ce, a gaban jami'i kuwa mace ce da ba ta san sunan mijinta ba, ba ta san sana'arsa ba. Ka zaunar da maiɗakinka a waya ka gaya mata sunan wurin aikinka, da abin da kake yi a can, da unguwar da kake, da wanda kuke haya tare, da ko kana da bashi. Ka ce mata ranar nan ta kira sunanka ɓaro-ɓaro, ka yafe. In Turancinta bai zauna ba, ta yi magana da Hausa ta bakin tafinta, wasiƙar gayyatar za ta faɗi yadda za a yi da batun tafintan. Abin da ba ta sani ba kuma ta ce ba ta sani ba.

Takardun da ke mutuwa kana jira

Ranar da za a yanke hukunci ba ta hannunka, amma kada ka bari ranar ta zo ta tarar da takardunku sun mutu. Gwajin lafiya wata 12 yake yi, nata saura wata ɗaya. In ya ƙare, wani lokaci jami'i yakan tsawaita shi da kansa, wani lokaci ya aiko a sake. Kada ta je ta sake kafin a aiko da takardar umarni, kuma sai wurin likitocin da hukumar ta amince da su, waɗanda sunayensu ke shafinta. Tunda tana da ciki, hoton ƙirji ne abin lura, akan ɗage shi sai bayan haihuwa, fayil kuma ya jira shi. In hoton ya nuna wani tabo a huhu, za a nemi gwajin majina na tarin fuka, wanda shi kaɗai yakan ci kamar mako takwas. Wani abu da zai kwantar maka da hankali: mata da 'ya'yan da ake ɗaukowa ba a hana su don ciwonsu zai ci wa gwamnati kuɗi. Mai sikila ko ciwon suga ta faɗa wa likita gaskiya, ɓoyewar ce ke jawo matsala.

Ka duba fasfonta. In saura ƙasa da shekara ya ƙare, ta sabunta yanzu, ku aika wa hukumar kwafin sabon. Ku kuma jera fasfo, da NIN, da takardar haihuwa, da ta aure a kan tabarma ku karanta harafi-harafi. A'isha a nan, Aishatu a can, Muhammad a ɗaya, Mohammed a ɗaya, ranar haihuwa 1 ga Janairu a wata takardar, wata ranar daban a takardar makaranta. Mu mun san mutum ɗaya ne. Gara ku bayyana bambancin da takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a tambaya.

Batun samun rana kuwa, zai sake taso muku, ko don gwaji ko don miƙa fasfo. Wasiƙun hukumar galibi kwana 30 suke bayarwa. Ranar da wasiƙa ta zo a ranar ake neman gurbi, ba a bari sai an shirya kuɗin mota. Kamfanin VFS Global ne ke gudanar da cibiyoyin bizar Kanada a Abuja da Legas, kuma kama gurbin ɗaukar zanen yatsu kyauta ne, duk wanda ya sayar maka da shi abin da ba nasa ba ya sayar. In an duba babu rana a cikin wa'adin, a ɗauki hoton shafin da ke nuna babu, da kwanan wata a jiki, a aika ta fom ɗin tuntuɓa na IRCC a nemi ƙarin lokaci kafin kwana 30 ɗin su cika. Wanda ya nemi uzuri kafin wa'adi da wanda ya zo da bayani bayan ya wuce ba ɗaya ba ne a wurinsu. In Abuja ta cushe a duba Legas.

Kai ma akwai abin da ke kanka. Mai PR dole ya kasance yana zaune a Kanada har a gama, ɗan ƙasa ne kawai aka yarda ya ɗauki nauyin matarsa yana waje. Zuwa suna na mako biyu ko uku ba komai. Amma ka ajiye aiki ka tare a Kano wata biyar don ka rufe bakin surukai, wannan na iya rusa takardun gaba ɗaya. Haka nan kada ka shiga karɓar tallafin gwamnati na marasa hali a wannan tsakanin.

Jaririn

Zan gaya maka yadda nake gani: a Kano za a haife shi, ka shirya wa haka. Tunda PR gare ka ba ɗan ƙasa ba, yaron da aka haifa a waje bai zama ɗan Kanada ba, sai an ƙara shi a cikin fayil ɗin uwarsa. Da an haihu ka sanar da hukumar, kada ka jira takardu su haɗu. Sannan a karɓo takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, a yi masa NIN da fasfo, a sabunta fom-fom ɗin, a biya kuɗinsa, wanda ya koma dala 175 a Afrilun 2024. Za a yi masa gwajin lafiya, amma ba a ɗaukar zanen yatsun yaron da bai kai shekara 14 ba. A yi rajistar haihuwar da wuri, sunanka a jiki kamar yadda yake a fasfonka, domin takardar da aka yi a makare ita ce takan sa a nemi gwajin DNA na tabbatar da uba.

Wannan zai ƙara muku watanni, babu makawa. Za a sami mai ce maka ku yi shiru, ta shigo tukuna, yaro ya zauna wurin kaka a ɗauko shi daga baya. Kada ka saurara. Ɓoye haihuwa ƙarya ce a ƙarƙashin sashe na 40 na dokar shige da fice, hukuncinta haramcin shekara biyar, kuma ana iya ƙwace PR ɗin ko bayan ta shigo. Ta wani ɓangaren ma haihuwar hujja ce mai ƙarfi cewa auren na gaske ne.

Ejan, janyewa, bizar ziyara

Ejan ba shi da kowa a ciki. Abin da suke yi shi ne su karɓi kuɗi a kan fayil ɗin da dama ya kusa fita, in ya fita su ce aikinsu ne, in bai fita ba su ce a ƙaro. Mafi muni shi ne wanda zai aika wata takardar jabu da sunanku, laifin kuma ya hau kan maiɗakinka ko ba ta sani ba. Wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilce ku shi ne lauyan Kanada, ko mai lasisin hukumar CICC da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, kuma ana duba sunansa a rajistarsu ta intanet a minti biyu. Wakili na gaskiya zai sa ku cike fom IMM 5476. Wanda ya ce kada a rubuta sunansa a ko'ina, ka san dalili.

Janyewa kuwa komawa ƙarshen layi ne, ka yi asarar wata 16 da kuɗin aikin da aka riga aka fara. Ban ga dalilinta a labarinka ba.

Bizar ziyara halal ce a doka. Sashe na 22(2) na dokar shige da fice ya yarda mutum ya nemi ziyara alhali yana da takardun zama a layi, kuma a Mayun 2023 ministan wancan lokaci, Sean Fraser, ya sanar da saurin duba irin wannan buƙata ga matan da ake ɗaukowa. Kuɗinta dala 100 ne, kuma in an hana, hanin ba ya kashe babban fayil, sai dai dole a riƙa faɗarsa a duk fom na gaba. Amma ga mai ciki wata bakwai lokaci ya ƙure: kafin a amsa, kamfanonin jirgi sun daina ɗaukarta, ga kuɗin asibiti in inshorar lardi ba ta rufe ta ba. Bayan arba'in, in babban fayil bai motsa ba, za ka iya nema musu su biyu.

Su kuma surukai, yawanci ba jinkirin ne ke damunsu ba, zargi ne cewa ba ka tura komai ba. Ka aika wa waliyyinta kwafin wasiƙar shaidar karɓa da wadda ta ce an amince da kai a matsayin mai ɗaukar nauyi, wani mai Turanci a gidan ya karanta masa.

Ɗan majalisa da kotu

Ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓarka yana da layinsa na musamman da IRCC, kuma suna yi wa mai PR hidima ko da ba ya zaɓe. Za su sa ku cike takardar izini, su tambayo, su gaya maka matakin da ake. Ba sa iya ba jami'i umarni. Amfaninsu yana fitowa ne in akwai kuskure a fili, kamar takardar da kuka aika ba a sa ta a fayil ba, ko wani larura mai tsanani da likita ya rubuta. Ka je musu da bayanan GCMS a hannu da tambaya guda takamaimiya. Saƙon tuntuɓa kuma ka rage shi, ka aika kawai in akwai sabon abu: haihuwa, sabon fasfo, sauyin adireshi.

Mataki na ƙarshe shi ne Kotun Tarayya, a roƙe ta ta tilasta wa hukumar yanke hukunci. Tun shari'ar Conille ta ƙarshen shekarun 1990 kotun ke auna abu uku: jinkirin ya wuce abin da irin aikin ke buƙata, ba mai nema ne ya jawo shi ba, kuma hukumar ba ta kawo gamsasshen dalili ba. Wannan aikin lauya ne, ni iyakata in haɗa maka takardu in miƙa ka. Lauya yakan fara da wasiƙar gargaɗi mai wa'adi, wani lokaci ita kaɗai ta isa. A ma'aunina, wanda ba doka ba ne, sai jira ya doshi ninkin lokacin da hukumar ta wallafa kafin kuɗin lauya ya cancanci kashewa, kuma ƙara jariri a fayil zai ba su dalilin da kotu za ta saurara. Ka kuma sani hukunci kotu ke sa a yanke, ba ta cewa a amince. In akwai rauni a fayil ɗin, ƙi ne zai zo da sauri. In hakan ta faru, tunda daga waje aka nema, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na hukumar IRB mai sauraron ƙararrakin shige da fice, inda za a saurare ku baki da baki a kuma karɓi sabuwar hujja.

Ban ga fayil ɗinka ba, duk abin da na faɗa a kan abin da ka rubuto na gina shi, bayanan GCMS na iya nuna abin da zai sauya shawarar. In kuwa wasiƙar neman fasfo, wadda ake aikowa in an amince, ta riga haihuwar zuwa, kada murna ta sa ku yi gum da batun cikin: ku sanar da su halin da ake ciki, domin takardar tabbatar da PR da za a ba ta tana da ranar ƙarewa, wadda akan ɗaura a kan wa'adin gwajin lafiya ko na fasfo, kuma dole ta sauka Kanada kafin ranar. Kada a sayi tikiti, kada a sayar da kayan ɗaki, sai fasfo ya dawo hannu kun karanta sunan da ke jiki da kwanan watan kun ga daidai suke.